Daytona: Daga Rairayin Bakin Teku Zuwa Da'irar Kwalta

A tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Amurka, garin Daytona Beach da ke bakin tekun Atilantika a jihar Florida yakan cika ya batse. Iyalai kan yi doguwar tafiya a cikin manyan motocin nan masu ɗakin kwana da madafi, su yada zango a tsakiyar filin tsere, su hura gawayi su gasa nama, su kwana su tashi cikin ƙugin injuna. A 'yan shekarun nan hidimar takan soma ranar Laraba, inda direbobi ke fita ɗai-ɗai ana auna gudun kowa. Alhamis a raba su gida biyu su kara, don a san gurbin da kowa zai tsaya a sahu. Juma'a ta motocin a-kori-kura ce, Asabar ta direbobin aji na biyu. Ran Lahadi kuwa, bayan malamin coci ya yi addu'a, an rera taken ƙasa, jiragen yaƙi sun keta sararin sama, sai a kaɗa koriyar tuta, motoci wajen arba'in su zabura a tare.

Wannan shi ne tseren Daytona 500. Zagaye 200 ake yi a da'ira mai tsawon mil biyu da rabi, jimla mil 500, wato kilomita 800 da 'yan kai, kuma duk kwanar da direba zai sha ta hagu ce. Motocin kan jeru bibbiyu ko uku-uku, bamba na shafar bamba, suna gudun da ya tasam ma kilomita 300 a awa, a gaban rumfuna masu kujeru 101,500. A yawancin wasanni babban karo shi ke rufe kaka. A nan kuwa, tun daga 1982, da shi ake buɗe ta.

Wanda ya ga yadda komai ke tafiya bisa tsari a wannan mako zai ɗauka wasu masana ne suka zauna tun farko suka shata dokokin. Tarihin wurin bai nuna haka ba. Kusan kowace doka da ake bi a Daytona an kafa ta ne bayan wani ya yi maguɗi, ko an yi rigima, ko an ɗauki gawa.

Tun kafin a zuba kwalta, rairayin bakin tekun ne ya fara jawo masu son gudu. Idan ruwa ya ja baya, yashin wannan gaɓa yakan daddale ya yi tauri kamar daɓe, ya miƙe sama da mil 20 ba gargada. A farkon ƙarni na 20, lokacin da akasarin hanyoyin Amurka na turɓaya ne, samun irin wannan shimfiɗa ba ƙaramin abu ba ne. Daga 1903 attajirai da masu ƙera motoci suka riƙa taruwa a Ormond, maƙwabcin Daytona, suna gwada abin da injunansu za su iya. A 1927 Baturen Ingila Henry Segrave ya zama mutum na farko da ya haura mil 200 a awa a doron ƙasa. Shekara ta gaba taya ta fashe wa Ba'amurke Frank Lockhart, ya mutu a kan rairayin. A 1929 wani bakanike mai suna Lee Bible ya bi shi, tare da mai ɗaukar hoton da motar ta afka wa. A watan Maris na 1935 Malcolm Campbell ya kai mil 276 a awa, kimanin kilomita 445, daga nan shi da sauran masu neman kafa tarihi suka koma filin gishirin Bonneville da ke jihar Utah, wanda ya fi faɗi, kuma babu ruwan teku da zai kore su.

Hukumomin garin suka ga baƙi za su ɗauke ƙafa, otal-otal su yi kwantai. Sai suka shirya wani tsere na daban a ranar 8 ga Maris, 1936, na motocin da talaka ke hawa. Hanyar mil uku ce da ɗan ɗori: a yi kudu a kan titin kwalta da ke bin gaɓa, a sha kwana a faɗa rairayi, a yi arewa a gefen ruwa, a sake shan kwana a hau titi. Wuraren shan kwanar suka zama ramuka, motoci suka yi ta kafewa ana janyo su, lissafin zagaye ya rikice, aka tsayar da tseren bai kai ƙarshe ba. An ruwaito cewa garin ya yi asarar dala 22,000. Wanda ya zo na biyar a ranar wani dogon bakanike ne da ya baro birnin Washington da matarsa da ɗansa a lokacin matsin tattalin arziki, ya sami aiki a gareji, daga baya ya buɗe gidan mai. Sunansa Bill France. Zuwa 1938 shirya tseren ya dawo hannunsa.

Su kuwa direbobin da suka fi ba 'yan kallo mamaki a kan rairayin, da yawansu daga tsaunukan Georgia da Carolina da Virginia suke zuwa, kuma a fasa-ƙwaurin barasa suka koyi tuƙi. Manoman waɗannan tsaunuka sun daɗe suna dafa masara su mayar da ita barasa a ɓoye cikin daji, don ta fi buhun masara kuɗi da sauƙin ɗauka. Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, kuma ko bayan an janye dokar, gundumomi da yawa a kudu sun ci gaba da hana sayar da ita, ga harajin gwamnatin tarayya mai nauyi. Kasuwar bayan fage ta ci gaba da ci. Abin da ake bukata shi ne saurayin da zai ɗauko kaya daga dutse cikin dare ya kai Atlanta ko Charlotte kafin jami'an haraji su cim masa.

Motar wannan aiki tana da sharaɗi biyu. Daga waje dole ta yi kama da ta kowa, kada ɗan sanda ya yi mata kallo na biyu. Daga ciki kuwa an cire kujerar baya, an ƙara wa sifirin ƙarfi don kada nauyin galan-galan ya sa bayanta ya zauna, an yi wa inji aiki har ya fi na motar hukuma. Ford mai silinda takwas, musamman ƙirar 1939 da 1940, ita ce abar so. Saurayin da ya saba gangaro dutse da fitila a kashe, idan Lahadi ta yi sai ya nemi takwarorinsa a wani fegi a ga wa ya fi wani.

Bai kamata a yi wa wannan sana'a kwalliya ba, ko da yake masu tallan tseren a yau suna son yin hakan. Barasar da aka dafa a tsofaffin lagireto ta sa wa mutane gubar dalma, kuma harkar cike take da bindiga. Lloyd Seay, wanda mutane da yawa na zamaninsa suka ɗauka babu kamarsa a sitiyari, ya ci tseren rairayin Daytona a watan Agustan 1941, ya ci na Lakewood a Atlanta ranar 1 ga Satumba. Washegari da safe wani ɗan uwansa ya harbe shi a kan rigimar kuɗin sukarin da ake dafa barasa da shi. Shekarunsa 21.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsere ya bazu a kudancin Amurka, amma babu mai faɗa a ji. Kowane fili da dokarsa, kowace ƙungiya da nata zakaran, kuma ba sau ɗaya ba mai shirya tsere ya tattara kuɗin ƙofa ya sulale tun motoci na zagaye, direbobi su gama su tarar babu ko sisi. Ranar 14 ga Disamba, 1947, France ya tara direbobi da makanikai da masu motoci su talatin da wani abu a saman otal ɗin Streamline da ke Daytona. Suka amince da doka guda, da tsarin maki guda, da lamunin cewa duk kuɗin da aka yi alkawari za a biya. Bakaniken Atlanta Red Vogt ne ya ba da sunan da aka taƙaita zuwa NASCAR, aka yi mata rajista ranar 21 ga Fabrairu, 1948. Akwai abin da mahalarta da yawa ba su ankara da shi ba sai daga baya: kamfani ne mai zaman kansa aka kafa, France ke riƙe da ragamarsa, kuma har yau yana hannun zuriyarsa. Zakaran farko shi ne Red Byron, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da raunin ƙafar hagu, har sai da aka ƙera masa wani ƙarfe a jikin kuloci da zai riƙe masa ita. Mai motar, Raymond Parks, da kuɗin barasa ya fara arziki.

Dabarar France ita ce mutum ya ga irin motar da ya ajiye a ƙofar gidansa tana tsere. Saboda haka ya ƙirƙiro rukunin da doka ta ce mota ta shiga yadda ta fito daga kamfani. An yi tseren farko ranar 19 ga Yuni, 1949, a wani filin turɓaya a Charlotte. Glenn Dunaway ne ya riga kowa da tazara mai yawa, amma da masu bincike suka leƙa ƙarƙashin Ford ɗinsa sai suka tarar an taɓa sifirin na baya, irin aikin da ake yi wa motar dakon barasa, wanda kuwa shi ne aikinta. Aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper, wanda ya tuƙo Lincoln tun daga Kansas. Mai motar ya kai ƙara kotu ya sha kaye. Tun daga ranar ake kwance motar wanda ya ci a bincika, kuma tun daga ranar makanikai ke neman kafar da littafin doka bai toshe ba. A wannan tsere ne wani manomi mai suna Lee Petty ya kifar da Buick ɗin da ya aro.

Rairayi dai ba wurin zama ba ne. Dole a jira ruwa ya janye kafin a fara, dole a gama kafin ya dawo, ga masu kallon da ke ɓullowa ta cikin ciyayi ba su sayi tikiti ba, ga gidaje da otal-otal suna cinye gaɓar. A 1950 aka buɗe filin kwalta a Darlington da ke Carolina ta Kudu, jama'a suka yi dafifi. France ya ƙudura gina wanda ya fi shi. Ya sami hayar wani fili mai fadama kusa da filin jirgin sama, ya ci bashi wurin attajirin man fetur na Texas Clint Murchison, ya sami tallafin Pepsi, ya sayar da tikitin tseren da ba a ko gina wurinsa ba. Aiki ya fara a ƙarshen 1957.

Injiniyan da ya zana filin, Charles Moneypenny, ya karkata wuraren shan kwana da digiri 31. Mutum a ƙafa da ƙyar yake hawa wannan gangare, amma shi ke ba mota damar shan kwana direba bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Don a zuba kwalta a kai, sai da aka ɗaure injunan aikin a jikin katafilolin da ke tafiya a saman tudun suna riƙe da su. Ramin da aka haƙi ƙasar ciko ya cika da ruwa ya zama tafki mai faɗin eka 29 a tsakiyar fili, ana kiransa tafkin Lloyd. Ɓangaren da ke gaban rumfuna kuma aka ɗan tanƙwara shi, da'irar ta yi kusurwa ta uku, yadda mai zaune zai hangi kusan ko'ina. Direbobin da suka saba da ƙananan filayen turɓaya sun sha faɗin yadda gabansu ya faɗi ranar da suka fito daga hanyar ƙarƙashin ƙasa suka ga girman wurin. Tsoron nasu yana da dalili: ranar 11 ga Fabrairu, 1959, kafin a yi babban tsere ko ɗaya, Marshall Teague, ɗan garin, ya mutu yana gwajin gudu.

Ranar 22 ga Fabrairu, 1959, motoci 59 suka tashi a gaban mutum kusan dubu 42. Aka yi mil 500 ba a ɗaga tutar gargaɗi ko sau ɗaya ba. A ƙarshe motoci uku suka tsallake layi kafaɗa da kafaɗa: Oldsmobile ta Lee Petty, Thunderbird ta Johnny Beauchamp, da motar Joe Weatherly wanda an riga an zagaye shi, amma ya kare wa alƙalai gani. Babu na'urar ɗaukar hoto a kan layin. France ya ce Beauchamp ne, aka kai shi dandalin nasara. Petty ya ce bai yarda ba, 'yan jarida da dama suka goya masa baya. France ya nemi duk mai hoto ya kawo, aka yi kwana uku ana dubawa, jaridu suna ta yayatawa. Hoton da T. Taylor Warren ya ɗauka da fim ɗin masu labarai suka nuna Petty ne a gaba da ɗan taƙi. Ranar Laraba aka miƙa masa nasara, daga baya aka kafa kyamara a kan layi. Shekara biyu bayan haka, a tseren share fage na 1961, motocin Petty da Beauchamp suka sarƙe, suka fasa shingen ƙarfe suka faɗa wajen fili. Dukansu sun rayu, amma Petty ya yi watanni a asibiti, kuma daga nan tauraruwarsu a tuƙi ta dushe.

Sirrin wannan fili wani tsohon ɗan fasa-ƙwauri ne ya gano shi. Junior Johnson, ɗan gundumar Wilkes a Carolina ta Arewa, tun yana yaro yake dakon barasar mahaifinsa, kuma ba a taɓa kama shi a kan hanya ba. A 1956 jami'ai suka yi masa kwanton ɓauna a wurin tukunyar dahuwa, ya yi wata 11 a kurkuku a Ohio. A 1960 ya zo Daytona da Chevrolet da ba ta kama ƙafar motocin Pontiac a gudu ba. Wajen gwaji sai ya liƙe a bayan wata Pontiac, ya ga ba ta tsere masa ba. Motar gaba ita ke tsaga iska, ta bar wani gurbi a bayanta, wadda ta shiga gurbin sai ta riƙa tafiya kamar ana jan ta da igiya. Ta gaban ma tana amfana, shi ya sa motoci biyu a jere suka fi guda ɗaya sauri. Johnson ya yini yana bin bayan wannan yana komawa bayan wancan. Saura zagaye kaɗan iska ta fizge gilashin bayan motar Bobby Johns da ke kan gaba, ta juya da shi, Johnson ya wuce ya ci. Har gobe a kan wannan dabara ake tsere a Daytona: direba ba ya cin nasara shi kaɗai, sai da wanda zai tura shi, kuma abokin turin nan shi ne zai nemi shan gabansa a zagayen ƙarshe.

Akwai wani tsohon mai dakon barasa da bai sami irin wannan karɓuwa ba. Wendell Scott, baƙar fata daga Danville a Virginia, direban tasi ne kuma bakanike, wanda ya yi aikin gyaran motoci a soja lokacin yaƙi. Shi ke gyara motarsa, 'ya'yansa ne ma'aikatansa, sau da yawa da ragowar kayan da wasu suka yar yake haɗa ta, a zamanin da otal da gidan abinci a kudu ba sa karɓar irinsa. Ranar 1 ga Disamba, 1963, a Jacksonville, arewa da Daytona, ya riga kowa da zagaye biyu. Aka kaɗa wa Buck Baker tuta, aka ba shi kofi. Sai da jama'a suka watse aka ce an yi kuskuren lissafi, aka ba Scott kuɗinsa ba kofi. Shi da iyalinsa da marubuta tarihi da dama sun tsaya a kan cewa masu fili ba su so a ga baƙar fata tsaye da farar sarauniyar kyau a dandalin nasara ba. Ya mutu a 1990. Sai a watan Agustan 2021, a Daytona, NASCAR ta miƙa wa iyalinsa kofi, kusan shekara 58 bayan tseren. A watan Oktoban wannan shekara Bubba Wallace ya ci tsere a Talladega, ya zama baƙar fata na biyu da ya yi nasara a babban rukuni. Tutar 'yan awaren kudu masu kare bauta, wadda ta daɗe tana kaɗawa a sansanonin 'yan kallo, sai a 2020 aka hana ta. Wannan jinkiri abin kunya ne ga hukumar.

Kuɗi ya shigo a 1971, lokacin da aka hana tallan sigari a talabijin ɗin Amurka, kamfanin R.J. Reynolds ya juyo da kasafin tallansa kan tsere, aka sa wa gasar sunan sigarin Winston har zuwa 2003. Junior Johnson ne ya haɗa su da France. Suna kuwa ya zo ne ranar 18 ga Fabrairu, 1979, da tashar CBS ta nuna tseren kai tsaye daga farko har ƙarshe. Dusar ƙanƙara ta tsare mutanen gabashin ƙasar a gida, miliyoyin da ba su taɓa kallo ba suka zauna gaban akwati. A zagayen ƙarshe Donnie Allison na gaba, Cale Yarborough ya nemi wucewa ta ciki, Allison ya tare, suka yi ta gogayya har suka daki katanga suka gangaro kan ciyawa. Richard Petty, ɗan Lee, wanda ke can baya da kusan rabin zagaye, ya zo ya wuce. Kyamara na komawa sai ga Yarborough da Donnie da wansa Bobby suna ba hammata iska. Hukumar ta ci su tara, amma washegari labarin na shafin farko na jaridun da a da ba sa kula tseren. Richard Petty ya ci Daytona 500 sau bakwai. Nasararsa ta 200, ta ƙarshe, a wannan fili ya same ta ranar 4 ga Yuli, 1984, Shugaba Ronald Reagan na kallo. Shi dai Reagan ɗin ne ya yi wa Junior Johnson afuwa a 1986.

A duk tsawon wannan lokaci motar tana nisa da ta ƙofar gida. Ta yau ba ta da ƙofa, ta taga direba ke shiga. Fitilunta hoto ne aka manna. Ƙashinta kejin bututun ƙarfe ne, fatar waje kawai ke kama da Chevrolet ko Ford ko Toyota. Yawancin waɗannan sauye-sauye jini ne ya jawo su. Fireball Roberts, wanda ya ci tseren 1962, ya ƙone a Charlotte a watan Mayun 1964 da tankin mansa ya fashe, ya yi jinyar mako biyar da 'yan kwanaki ya mutu. Bayansa aka kawo tanki mai roba a ciki da tufafin da ba sa kama wuta da wuri. Ragar da ke rufe tagar direba ta zo ne bayan an ga hannun Richard Petty na lilo a waje motarsa na adungure a Darlington a 1970. A 1987 Bill Elliott ya zagaya Daytona da gudun mil 210 a awa, ya yi 212 a Talladega. A wannan tsere na Talladega taya ta fashe wa Bobby Allison, motar ta tashi sama ta yage shingen da ke tsakaninta da 'yan kallo. A 1988 aka wajabta wani farantin ƙarfe mai huda huɗu a ƙarƙashin kafireto, don ya rage iskar da inji ke shaƙa. Gudu ya ragu, amma sai motocin suka zama ƙarfinsu ɗaya, suka dunƙule wuri guda kamar garken tumaki, kuskuren mutum ɗaya ya riƙa kwashe goma sha ko ashirin.

Babu wanda ya ƙware a wannan cunkoso kamar Dale Earnhardt, mai baƙar mota lamba 3, ɗan garin masaƙu na Kannapolis da ya bar makaranta tun yana matashi. Ya ci kambun shekara sau bakwai, ya ci kusan kowane irin tsere a Daytona, amma babban ya yi ta kufce masa. A 1990 yana gaba, saura ƙasa da mil ɗaya, tayarsa ta fashe. A 1994 amininsa Neil Bonnett ya mutu a filin wajen gwaji. Sai a 1998, a karo na 20, ya ci, ma'aikatan dukkan ƙungiyoyi suka yi dogon layi suna miƙa masa hannu.

A shekarar 2000 direbobi uku suka mutu cikin wata biyar. Adam Petty, ɗan shekara 19, jikan Richard kuma tattaɓa-kunnen Lee, ya mutu a New Hampshire a watan Mayu, mako biyar bayan rasuwar Lee ɗin. Kenny Irwin shi ma ya mutu a filin New Hampshire ɗin a watan Yuli, Tony Roper a Texas a watan Oktoba. Rauni iri ɗaya ne ya kashe su: mota ta daki kankare ta tsaya cak, bel ya riƙe jiki, kai da nauyin hular kwano ya yi gaba, ƙashin gindin ƙoƙon kai ya karye. Maganin wannan yana nan. Wani farfesa a jami'ar jihar Michigan, Robert Hubbard, da surukinsa direba Jim Downing sun ƙera wata na'ura mai suna HANS, wadda ke zama a kafaɗa a ɗaure ta da hula, ta hana kai yin gaba shi kaɗai. NASCAR ta bar wa kowane direba zaɓi. Yawancinsu suka ce tana takura su, Earnhardt na cikin masu ƙin ta.

Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, 'yan kaɗan ne suka sa ta. Ana saura zagaye ashirin da wani abu aka yi mummunan karo na motoci 18, motar Tony Stewart ta yi ta adungure a kan sauran, ya tsira da ransa. A zagayen ƙarshe Michael Waltrip na gaba, Dale ƙarami, ɗan Earnhardt, na biye, dukansu a motocin kamfanin Earnhardt, shi kuma uban yana na uku yana tare masu zuwa. A kwana ta huɗu motarsa ta ɗan gogi ta Sterling Marlin, ta karkace, ta haura gangaren ta daki katanga tare da ta Ken Schrader. A ido hatsarin bai kai na ɗazu muni ba. Waltrip ya ci nasararsa ta farko bayan tsere 462, wansa Darrell na sharhi a talabijin yana hawaye don murna. Schrader ya fito ya leƙa tagar Earnhardt, nan take ya shiga yafuto ma'aikatan ceto da hannu biyu. An tabbatar da mutuwarsa a asibitin Halifax da ke kusa. Shekarunsa 49, kuma raunin shi ne dai na su Adam Petty.

Ko a nan hukumar ba ta yi gaggawa ba. Sai da Blaise Alexander ya mutu da irin wannan rauni a Charlotte a watan Oktoba, a tseren wata ƙungiya ta daban, sannan aka wajabta abin riƙe kai. Daga nan gyara ya zo a jere. Injiniyoyin jami'ar Nebraska sun ƙera katanga mai suna SAFER, bututun ƙarfe da soso a bayansa, mai shanye ƙarfin karo. An fara kafa ta a Indianapolis a 2002, ta bazu zuwa sauran filaye. Aka buɗe cibiyar bincike a Concord, aka sa na'urar naɗar bayanan hatsari a kowace mota, aka matsar da kujerar direba zuwa tsakiya. Duk da haka, sai da Kyle Busch ya karya ƙafa a Daytona a 2015, a jikin wata katangar ciki da aka bari kankare zalla, sannan masu filin suka yi alkawarin rufe ko'ina.

Amfanin aikin ya fito fili. A watan Yulin 2015 motar Austin Dillon, mai ɗauke da lamba 3, ta tashi ta daki shingen Daytona har inji ya rabu da ita, ya fito da ƙafarsa yana ɗaga wa jama'a hannu. A 2020 motar Ryan Newman ta kife a zagayen ƙarshe, wata ta dake ta daidai gefen direba. Bayan kwana biyu ya fito daga asibitin Halifax riƙe da hannun 'ya'yansa mata biyu. Tun daga ranar da Earnhardt ya mutu, babu direban da ya sake rasa ransa a tseren manyan rukunai uku na NASCAR.

Na'urar HANS tana kasuwa tun farkon shekarun 1990. Da hukumar ta wajabta ta a watan Mayun 2000, bayan jana'izar Adam Petty, da akwai kyakkyawan zaton cewa Irwin da Roper da Earnhardt sun fito daga motocinsu da rai.